Damagaram: Sunan Kuran Daga na bisa ƙofar lise, wa ke koya wa yara labarinsa?

Ranar 3 ga watan Satumban 2024, bayan an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya zube. Ginin ƙasa ne da aka ɗaga tun tsakiyar ƙarni na 19. Ya ga zamanin Sarki Tanimun, ya ga shigowar Nasara, ya ga shekarar da aka kwashe fadar mulkin ƙasa aka kai Yamai. Cikin ƴan sa'o'i hotunan faɗuwarsa suka zagaya wayoyi ta WhatsApp da Facebook. Makonni kaɗan bayan haka gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga watan Oktoba zuwa 28 ga wata, domin ambaliya ta lalata azuzuwa da dama, wasu kuma na cike da iyalan da ruwa ya raba da gidajensu.

A lokacin, mu ƴan jarida mun ba da labaran nan biyu daban-daban, ɗaya a shafin al'adu, ɗaya a shafin ilimi. Da na zauna daga baya sai na ga ashe magana ɗaya ce. Matasan da suka yi ta tura hoton masallacin suna alhini, da yawansu sun share shekara shida, wasu goma, bisa bencin lakwal a cikin wannan gari. Amma in ka tambaye su yadda ake kwaɓa ƙasar da aka gina shi, ko dalilin da ya sa kakanni ke yi wa irin wannan gini yaɓe kafin kowace damina, ko abin da ya haɗa masallacin da fadar da ke kusa da shi, kaɗan ne za su ba ka amsa. Sun ji zafin rashin, amma ba a taɓa koya musu abin da aka rasa ba.

Yau ƙasar Nijar na cikin wani yanayi da magabata ke yawan maganar maido da tarihi da harshe da martaba. Abin da wannan sharhi ke son nunawa shi ne, a gari kamar Damagaram, wurin da za a ci wannan yaƙi ko a faɗi shi ne ajin makarantar gwamnati, kuma har yanzu maganar ba ta sauka can ba.

Abin da ya sauya daga sama

Tun bayan 26 ga watan Yulin 2023 da majalisar CNSP ta karɓi mulki, an ɗauki matakai da dama masu ɗauke da alama. A watan Oktoban 2024 aka sauya sunayen wasu tituna da wurare a Yamai: titin da ke ɗauke da sunan Janar de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, aka cire hoton Monteil aka sa na Thomas Sankara. An kafa kwamitin masana domin sake rubuta tarihin ƙasa. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ranar 26 ga wannan wata ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki.

Mutum na iya goyon bayan waɗannan matakai, yana iya sukarsu, kuma an ji muryoyi ta kowane ɓangare. Sai dai ɗan Damagaram ya san wani abu da ya kamata a yi la'akari da shi: a garinsa an daɗe da sauya sunaye. Babbar lise ta gari na ɗauke da sunan Amadu Kuran Daga. Barikin sojan da Faransawa suka kira da sunan Kazmaju ya daɗe da komawa barikin Tanimun. Makarantar horar da malamai na ɗauke da sunan Askiya Muhammadu. Jami'ar gari kuma an sa mata sunan André Salifou, ɗan garin da ya rubuta tarihin Damagaram. In da sa suna bisa ƙofa na koyar da tarihi, da yaran Damagaram sun fi na ko'ina sanin nasu. Shekaru sun nuna cewa allon suna na tsaye ne kawai yana jiran wanda zai yi masa bayani.

Garin da shi kansa littafi ne

Damagaram, wadda ƙidayar 2012 ta ba ta mutum fiye da dubu 300, na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: tarihinta na tsaye a fili, ana iya taɓa shi da hannu. Daular ta samo asali ne a ƙarni na 18, ta daɗe tana kai gaisuwa Barno. A farkon ƙarni na 19 aka kafa fada a inda take yau. Tanimun, wanda ya yi doguwar sarauta har zuwa 1884, ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera igwa a gida, ya mai da garin babbar mahaɗar fatake tsakanin Kano da Barno da Agadas har zuwa Tarabulus. Unguwar Zango ta tashi ne a matsayin masaukin ayarin Buzaye. Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a garin a ƙarshen 1852, ya rubuta abin da ya gani.

A watan Mayun 1898 aka kashe kyaftin Kazmaju a Damagaram, zamanin Amadu Kuran Daga. A ƙarshen watan Yulin 1899 sojojin Faransa suka yi galaba a Tirmini, yamma da gari, kuma a watan Satumba aka kashe sarkin. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Bassa da shirya tawaye, suka kore shi zuwa Kwaddebuwa tare da attajiri Malam Yaro, suka soke sarautar har 1923. Daga 1911 zuwa 1926 garin ne fadar mulkin ƙasar, kafin a mai da ita Yamai, kuma cikin dalilan da aka kawo har da ƙarancin ruwa, matsalar da matan Damagaram ke fama da ita har gobe.

Duk wannan na cikin tafiyar ƙafa daga makarantu da dama. Ga sauran ganuwa, ga fada, ga duwatsun da garin ya zauna a tsakaninsu, ga gidajen Birni da Zango masu zanen dagi a goshi, ga majema da dukawa, ga gidan tarihi na jiha. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Agadas ta samu shiga a 2013. Damagaram na jira, ruwa kuma ba ya jira.

Wannan littafi na da rauni biyu. Na farko, da ƙasa aka rubuta shi, kowace damina na goge shafi, wanda ya samu kuɗi kuma sai ya rushe ginin kakansa ya zuba siminti. Na biyu, bayanin da ke tare da ginin na cikin kawunan tsofaffi: magina, maroƙan fada, dattawan unguwa, tsofaffin mata da suka san wace rijiya ce ta wane. Duk jana'izar da aka yi a Birni, akwai abin da ake binnewa tare da mamacin.

Abin da aji ke bayarwa

Ba adalci ba ne a ce makarantar Nijar ba ta koyar da tarihin ƙasa. Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1980 mun haddace Soni Ali Ber da Askiya Muhammadu, mun san Kanem-Barno da Hausa Bakwai da jihadin Shehu Usmanu. An ambaci Damagaram. Amma yadda aka koya mana, da Damagaram da daular Gana duk nisansu ɗaya: taƙaitaccen bayani da mushe zai rubuta bisa allo da Faransanci, mu kwafa cikin kaye, mu haddace, mu zuba ranar jarrabawa. A makarantarmu akwai wani ƙashi da ake rataya wa duk yaron da aka kama yana Hausa, ya yi ta neman wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Na gama aji shida ina bi ta gefen ganuwa safe da yamma, ban taɓa haɗa wannan tudun ƙasa da muke hawa muna wasa da sunan Tanimun da ke cikin kayena ba. Sai da na shiga jami'a a Yamai, na ci karo da littafin André Salifou na 1971 kan Damagaram a ƙarni na 19, sannan na gane inda na tashi. Da Faransanci na karanta labarin unguwarmu, a nisan kilomita kusan 900 daga gida.

Dalilan da suka sa haka na nan ba su gushe ba. Manhaja ɗaya ce daga Yamai har Bilma, littafi ɗaya, jarrabawa ɗaya. Hakan na da amfaninsa wajen haɗa kan ƙasa, amma ba ta bar gurbin da gari zai sa nasa ba. Malami na koyar da abin da za a tambaya a BEPC da BAC, uwaye ma abin da suke auna shi da shi ke nan. Zane da waƙa na cikin jadawalin firamare, sai dai su ne farkon abin da ake yanka in an shiga yajin aiki ko an makara wajen buɗe makarantu, malami ya mai da sa'arsu ta lissafi domin ya cike giɓi. Akasarin masu riƙe da alli a firamare ƴan kwantiragi ne, da ɗan abin da ake biyansu, wanda sau da yawa ke zuwa a makare. Ana iya turo matashi daga wata jiha ya koyar a tsakiyar Birni alhali shi kansa ba wanda ya taɓa zagayawa da shi cikin unguwar.

Lokacin da malaman lakwal ke riƙe da dandali

Abin da ke ƙara sa mutum tunani shi ne, a wannan gari an taɓa ganin akasin haka. Duk wanda ya girma a Nijar a shekarun 1970 da 1980 ya san wasan kwaikwayon Damagaram da ake sa wa a rediyo da talabijin na ƙasa. Yazi Dogo, wanda sunansa ya zama tambarin wannan wasa, malamin makaranta ne. Da Hausa suke wasan, suna taɓo cin hanci, da auren dole, da almubazzarancin biki, da halin ma'aikacin gwamnati, mutane na dariya suna ganin kansu. Marigayi Malam Maman Barka, ɗan Tesker, wanda ya rasu a 2018, da alli ya fara kafin duniya ta san shi da gurmi, daga baya ya je ya koyi kiɗan biram na Buduma a gaɓar tafkin Cadi domin kada ya ɓace. André Salifou da kansa bai tsaya ga littafin tarihi ba, ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Tanimoune. Abdoulaye Mamani, ɗan Sawaba da ya yi siyasarsa a Damagaram, da littafinsa na Sarraounia na 1980 ya sa sunan sarauniyar Lugu ya shiga bakin duniya.

A zamanin Janar Seyni Kountché, samariya da bikin matasa na ƙasa sun sa kowace jiha na shirya wasa da waƙa da rawa domin gasa. Ba sai an ɓoye ba, mulkin soja ya yi amfani da wannan tsari wajen isar da saƙonsa da sa ido kan jama'a. Duk da haka ya samar da dandali, kuma malaman makaranta na cikin waɗanda suka fi raya shi. Da samariya ta mutu, kuɗin al'adu suka ƙafe a shekarun tsuke bakin aljihu, ba a kafa wani abu a madadinta ba. Shekaru da dama ɗakin karatu da dandalin da ɗan makarantar Damagaram ya fi dogara da su na cibiyar al'adun Faransa da Nijar ne, wadda aka banka wa wuta a zanga-zangar 16 ga watan Janairun 2015. Ko me mutum ke gani game da Faransa, darasin a fili yake: garin da ya jingina karatun ƴaƴansa da fasaharsu ga gidan baƙo, ranar da gidan ya rufe sai ya tashi hannu wofi.

Kuma tun kafin boko garin na da nasa. Wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon sarki da manyan gari da kayan da suka ƙera da karan dawa, wasan kwaikwayo ne cikakke, har Inoussa Ousseini ya yi fim a kansa. Ga tashe cikin azumi, ga hawan ƙaho na mahauta, ga hawan salla, ga waƙoƙin Ma'azu ɗan Alalo da suka adana labarin fada da na zamanin aikin tilas. Yaro na ganin wasunsu a titi, amma da ya shiga aji sai a nuna masa kamar ba ilimi ba ne.

Masu cewa ba lokacin wannan ba ne

Akwai hujja mai ƙarfi da ake kawowa, kuma ya kamata a saurare ta. Ƙasar da gwamnati da bakinta ta ce tana da azuzuwan zana kusan dubu 36, ƙasar da yara 20 suka ƙone a irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilun 2021, wasu fiye da 20 kuma a Maraɗi a watan Nuwamban shekarar, ƙasar da binciken PASEC na 2019 ya nuna cewa kusan bakwai cikin goma na ƴan ajin ƙarshe na firamare ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba, ina ta ga sukunin zane da wasan kwaikwayo? A fara da rufi da benci da albashi tukuna.

Gaskiya ne, rufi da benci da albashi su ne gaba. Amma hujjar na ɗauka cewa koyon karatu daban, tarihin gari daban, har ɗaya na cin lokacin ɗaya. Yaro kuwa ba ya koyon karatu a kan iska, sai a kan wani rubutu. Tambayar ita ce wane rubutu za a ba shi, kuma da wane harshe. Damagaram na da amsa a tarihinta: a nan ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973, da Hausa, kafin a faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Binciken da aka yi ta yi a kan waɗannan makarantu ya nuna yaransu na saurin kama karatu, kuma ba sa baya a Faransanci. Dokar ilimi ta LOSEN ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi. Duk da haka tsarin ya shafe shekaru da dama ana kiransa gwaji, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka taka masa birki shi ne ƙarancin abin karantawa. Yaro ya iya haɗa baƙi da Hausa, sai ya rasa littafin da zai ɗauka. Ɗan ƙaramin littafi mai shafi talatin kan ganuwa da ƙofofinta, ko kan yadda ake jeme fata, na maganin matsala biyu a lokaci guda.

Akwai kuma uwayen da ke ɗari-ɗari da kiɗa da rawa saboda addini, kuma a gari mai malamai kamar Damagaram ba za a yi watsi da ra'ayinsu ba. Sai dai fasahar gari ta fi ganga faɗi. Zayyanar allo da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani fasaha ce. Rubutun ajami, da ɗinkin hula, da aikin fata, da zanen bango, da waƙar wa'azi, duka fasaha ne. Makarantar da ta zauna da uwaye ta zaɓi abin da ya dace da unguwarta ba za ta rasa abin koyarwa ba.

Tarihi ko kirari

Haɗarin da ya fi girma na wani wuri dabam. A lokacin da ake zugar kishin ƙasa, da sauƙi tarihin gari ya koma kirari: sarakunanmu jarumai, Nasara azzalumai, shi ke nan. Maroƙi na da aikinsa, ana kuma girmama shi, amma aikin malami daban ne. Damagaram ta Tanimun ta yi arziki da fatauci, kuma cikin hajar da ake fatauci akwai bayi. Ta ci garuruwan maƙwabta da yaƙi, jikokin waɗanda aka ci kuma na zaune cikin aji ɗaya da jikokin waɗanda suka ci su. Kuran Daga da ya tsaya wa Faransawa shi ne kuma ya kai wa ƙasar Kano hari. Daular ba ta Hausawa kaɗai ba ce: gidan sarautar na da tushen Barebari, Zango ta Buzaye ce, ga Fulani, ga Tubawa, ga Larabawan Tarabulus da suka zauna suka yi iyali. A daidai lokacin da wasu ƴan ƙasa masu wasu harsuna ke nuna damuwa kan fifikon da aka ba Hausa, koyar da wannan cuɗanya yadda take zai fi kowane jawabi kwantar da hankali.

Haka kuma tarihin gari bai tsaya a ƙofar fada ba. Unguwar Kara-Kara, wadda aka kafa domin ware kutare da waɗanda gari ya ƙi, na da nata labarin. Sai da Aïcha Macky, ƴar garin, ta fito da fim ɗinta mai suna Zinder a 2021 sannan mutane da yawa, har da ƴan Damagaram, suka kalli matasan fale-fale na wannan unguwa a matsayin mutane masu tarihi, ba ƴan daba kawai ba. Yaron Kara-Kara da ya ji a aji yadda unguwarsu ta samo asali zai gane cewa halin da ya tarar mutane ne suka ƙulla shi, kuma abin da mutane suka ƙulla ana iya kwance shi.

A nan ne muhimmancin makarantar gwamnati ke fitowa. Masu hali sun kwashe ƴaƴansu zuwa makarantu masu zaman kansu. Fada na da mutanenta, makarantar allo na da nata almajirai. Wurin da ya rage inda ɗan Birni da ɗan Garin Malam da ɗan Kara-Kara da ƴar ma'aikacin da aka turo daga Dosso za su zauna benci ɗaya su ji labari ɗaya, su yi gardama a kansa, shi ne ajin gwamnati, duk da yagewar rufinsa.

Wa zai yi me

Abin da ake bukata bai kai kuɗin shatale-tale ɗaya na shirin Zinder Sabuwa na bikin 18 ga Disamban 2018 ba. Daga ma'aikatar ilimi, abu biyu: ta ware ƴan sa'o'i a manhaja da kowace jiha za ta cika da nata tarihi da sana'o'i, ta kuma ba su maki a jarrabawa, ko da tambaya ɗaya ce. Abin da ba shi da maki, malami da uwaye ba za su ɗauke shi da nauyi ba. Daga makarantar horar da malamai ta Askiya Muhammadu, kada ɗalibi ya karɓi takardarsa bai zagaya Birni da Zango da gidan tarihi tare da masani ba, bai kuma koyi yadda ake fita da yara sittin a dawo da su lafiya da abin rubutawa ba.

Jami'ar André Salifou na da ɗalibai da ke neman abin bincike kowace shekara. Ga tsofaffin gari, ga muryoyin da aka ɗauka tun shekarun baya da ke ajiye a cibiyoyin IRSH da CELHTO a Yamai da ma'ajiyar rediyon ƙasa. A fassara, a taƙaita, a mai da su ƙananan littattafai da Hausa da Faransanci, a sa wasu cikin waya tunda ita ce ke hannun kowa. Ayyukan Salifou kansu, mutanen da aka rubuta su a kansu sun cancanci su karanta su da harshensu.

Tun 2016 dokokin raba iko suka miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na kula da makarantun firamare. An rusa majalisun da aka zaɓa a watan Afrilun 2024, kantomomi ke riƙe da garuruwa, amma nauyin na nan bisa wuyan ma'aikatar magajin gari. Ita ce za ta iya ba magini ko baduku ɗan abin goro ya shiga aji sau ɗaya a wata, ta shirya gasar wasan kwaikwayo tsakanin makarantun da'irori biyar na gari a ƙarshen shekara. Fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram na iya ware rana ta ƴan makaranta, da wanda zai yi musu bayani. Kwamitocin COGES da ƙungiyoyin uwaye mata su ne za su ce ga tsohon da ya san abu a unguwarmu. Attajiran gari, da kamfanoni irin su matatar mai ta SORAZ, buga littafi dubu goma ba zai girgiza aljihunsu ba.

Wanda ya san aikin gwamnati zai ce duk wannan sai an jira kwamitin tarihi ya gama, a buga sabbin littattafai a Yamai, a rarraba. Wataƙila littattafan su zo da kyau. Amma littafin ƙasa, komai kyansa, shafi biyu ko uku zai ba Damagaram, kamar yadda zai ba Gobir da Katsinar Maraɗi da Adar da Arewa nasu. Sauran aikin na ƴan gari ne, kuma abin da aka faɗa a nan ya shafi Tawa da Tasawa da Ƙonni da Dogon Dutsi kamar yadda ya shafi Damagaram.

Daraktan makarantar da ke kusa da ganuwa ba ya bukatar izinin kowa kafin ya ce wa malamin aji biyar ya fita da yara rabin yini, su auna kaurin bangon da taku, su tambayi wani dattijo sunan ƙofar da ta taɓa kasancewa a wurin, su dawo su rubuta abin da suka ji. Lissafi ne, rubutu ne, tarihi ne, kuma kuɗinsa bai wuce na alli ba. Cikin yaran nan ne za a samu kantoma ko magajin garin da wata rana za a kawo wa takardar rushe wani tsohon gida domin a yi shago, da injiniyan da zai yanke inda lambatu zai bi a Birni. Abin da za su sa wa hannu a ranar ya danganta da abin da aka nuna musu suna ƴan shekara goma sha ɗaya, kuma daminar baɗi na tafe.